Ciwon da Ba a Faɗa a Coci: Nasiha ga Matasan Kaladan

'Ya'yana matasan Kaladan a nan Tamale, da ku da kuke cika bencin baya ranar Lahadi, da masu riƙe ganga da jita a gaba, da waɗanda suka janye ƙafa daga sujada ba su gaya wa kowa dalili ba, yau da ku nake magana. Na san kayan da yawancinku ke ɗauke da shi ya fi ƙarfin wuyanku. Wani ya gama jami'a, ya yi shekarar bautar ƙasa, takardunsa na cikin leda ƙarƙashin katifa, shi kuwa yana jan keken yalo-yalon wani tsakanin kasuwar Aboabo da Lamashegu, sai ya cika wa mai keke kuɗinsa da yamma kafin ya san ko akwai na tuwo. Wata ƙanwarta ta gangara Kumasi ko Akra ɗaukar kaya a kasuwa, tana kwana a bakin shagon mutane. Wani mahaifinsa ya kwanta jinya, ya zama uban gida tun bai tsayar da gemu ba. Wata an yi mata alkawarin aure an fasa, gari ya ɗauka. Tun daga 2022, shekarar da hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, kuɗin cefane ya daina kaiwa inda yake kaiwa a da. Ga famfo da kan yi kwanaki bai ɗiga ba, ga zafin watan Maris mai hana barci.

Duk wannan kun fi ni saninsa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da zarar kun taka ƙofar majami'a sai bakinku ya mutu a kai. A tambaye ku yaya gida, ku ce lafiya lau, alherin Allah ne. Lokacin ba da shaida ya yi, wanda ya sami biza ya miƙe, wadda aka ɗaura wa aure ta miƙe, wanda ya tsira daga hatsarin mota a hanyar Kintampo ya miƙe, a tafa, a kaɗa ganga. Madalla, godiya ga Allah wajibi ce. Amma yaron da ya shekara da shekaru yana addu'a bai ga komai ba yana zaune yana lissafi a zuci: ko dai Allah ya manta da shi, ko bangaskiyarsa ce ba ta kai ba, ko kuwa akwai wani zunubi a gidansu da ake biya da shi. Da wannan lissafin yake komawa gida, nauyin da ya fita da shi ya fi wanda ya shigo da shi.

Wannan ɗabi'ar ta ɓoye ciwo ba daga Littafi Mai Tsarki muka samo ta ba. Ku buɗe littafin Ayuba ku karanta da kanku tun daga farko har ƙarshe, kada ku tsaya kan babi biyun farko da na ƙarshe kamar yadda aka saba a wa'azi. Tsakaninsu akwai babi kusan arba'in na kuka da gardama. Mutumin nan ya la'anci ranar da aka haife shi. Ya nemi Allah ya fito su tsaya gaban shari'a. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun fara da kyau, domin kwana bakwai suka zauna da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan. Buɗe bakinsu ne ya ɓata zumuncin, gama sun nace lallai akwai laifin da ya aikata a ɓoye. A ƙarshen littafin su ne Allah ya tsawata wa, kuma Ayuba aka sa ya yi musu addu'a. Wanda ya yi kuka da babbar murya, ya jefa wa Mahaliccinsa tambayoyi masu zafi, shi aka karɓa. Masu kare Allah da bayanin da ba gaskiya ba, su aka tura neman gafara.

Zabura ta 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu inda mawaƙin ya juya ya ce komai ya daidaita, amma aka bar ta cikin littafin addu'ar jama'ar Allah har yau. Annabi Iliya kuwa, bayan gagarumar nasarar da ya samu a Dutsen Karmel, saƙo ɗaya daga Yezebel ya sa shi gudu cikin jeji, ya zauna gindin wani itace ya roƙi mutuwa. Ku duba abin da aka yi masa. Ba a fara da wa'azi ba. An bar shi ya yi barci, aka tashe shi ya ci gurasa ya sha ruwa, ya koma ya kwanta, aka sāke tashe shi ya ci. Sai bayan tafiya mai nisa aka yi magana da shi, aka kuma sanar da shi cewa ba shi kaɗai ya rage ba. Ubangijinmu Yesu da kansa ya zubar da hawaye a kabarin Li'azaru a gaban jama'a. A daren Getsamani ya ɗauki Bitrus da Yakubu da Yohanna, ya gaya musu irin baƙin cikin da ke ransa, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. In shi ya nemi abokan zama a darensa mafi tsanani, wane ne kai da za ka ce kai kaɗai za ka iya?

Wanda ya taɓa kai yaro wurin maɗori ya san yadda abin yake. Dole a kwance tsumman da aka naɗe hannun da shi, maɗori ya taɓa daidai inda ke zafi, ya ja, yaro ya yi ihu, sannan a jera karare a ɗaure. Bayan nan sai jira na makonni, ana kai yaro ana dubawa. Haka na ga warakar zuciya take zuwa ga mafi yawan mutane. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

To, wa za a nuna wa ciwon? A nan ake cutar da yawancinku. Kun ga takardun da ake mannawa a bango da turakun lantarki, kun ji shirye-shiryen rediyo na tsakar dare. Kwana uku na karya la'ana, kwana bakwai na buɗe ƙofofi. Ga mai a 'yar kwalba, ga ruwa, ga hankici, kowanne da farashinsa, ga kuma irin da ake cewa a shuka da kuɗi domin a girbi mu'ujiza. Na gaskata Allah yana warkarwa, yana kuma iya yin haka cikin ƙiftawar ido in ya so, domin haka ba zan taɓa hana ku zuwa a ɗora muku hannu a yi addu'a ba. Amma ku tuna da Siman mai sihiri a Samariya, cikin Ayyukan Manzanni sura 8, wanda ya miƙa kuɗi yana son sayen baiwar Allah, ku karanta irin amsar da Bitrus ya ba shi. Ku tuna manzo Bulus, wanda aka warkar da mutane ta hannunsa, ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa wata ƙaya a jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin ɗaukarta. Shi ɗin ne ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba lafiya, ya kuma ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda ciwon cikinsa. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Duk mai gaya muku cewa rashin warkewarku alama ce ta ƙarancin bangaskiya, sai ya fara da tuhumar Bulus.

Bari in ba ku labarin wani yaro da muka yi zumunta da shi, ba zan kama suna ba. Yana da hannu a gyaran babur, maigidansa a gareji yana ji da shi. Ya fara shan tramadol domin ya jure tsayuwar aiki daga safe har dare, kamar yadda abokansa suka nuna masa. Daga ƙwaya ɗaya aka koma biyu, aka wuce. Barci ya ƙaurace masa, ya fara magana shi kaɗai, wata rana ya kwance injin babur ɗin wani ya baza a ƙasa ya ce akwai murya a ciki. Mahaifiyarsa, gwauruwa ce, ta sayar da keken ɗinkinta ta kai shi wani sansanin addu'a a bayan gari. Da muka je dubiya muka same shi gindin darbejiya, sarƙa a ƙafarsa ta dama, an zagaya ta jikin itacen an sa kwaɗo. Inda ƙarfen ke goga ya zama gyambo, ƙudaje na bi. An sa shi azumin dole, wai domin a raunana aljanin. Uwar na zaune a gefe kan tabarma, ta ɓoye 'yar robar koko cikin zanenta, tana jiran ma'aikatan su juya baya ta ba shi ya kurɓa. Ya gane mu sarai. Ya kira sunan kowa. Abin da ya roƙa ɗaya ne, a kawo masa takalmansa, domin an karɓe su ranar da aka kawo shi.

Da kyar uwar ta yarda aka ɗauke shi, tana tsoron kada ta zama ta raina ikon Allah. Aka kai shi asibiti. Makonnin farko na magani ba su da daɗin gani: barci dare da rana, jiki ya yi nauyi, harshe ya yi kauri. Matan zumunta suka raba kwanaki a tsakaninsu, wannan ta kawo tuwo da miyar ayoyo, waccan ta aiko da ruwa a jarka, wata ta zo ta zauna da uwar kawai su yi addu'a. Maigidan nasa Musulmi ne, Alhaji ne ma, ya ce a gaya wa yaron gurbinsa na nan, ba zai ba kowa ba. Ya cika alkawari. An yi watanni kafin yaron ya sāke riƙe sifana. Akwai lokacin da ciwon ya dawo, saboda wani mai wa'azi ya ce masa zubar da ƙwayoyin asibiti shi ne alamar cikakkiyar bangaskiya, ya zubar. Aka koma aka fara daga farko. Yau yana aiki, yana shan maganinsa kowane dare, yana zuwa sujada. Bai taɓa miƙewa ya ba da shaida ba, ni kuwa ban san shaidar da ta fi tasa nauyi a cikinmu ba.

Ku karanta Markus sura 5, labarin mutumin ƙasar Garasinawa mai kwana a makabarta. Sarƙa da mari mutanen gari ne suka sa masa. Da ya gamu da Yesu, a zaune aka same shi, da tufafi a jikinsa, cikin hankalinsa, kuma aka mayar da shi gida wurin danginsa. Ban ga inda Almasihu ya ɗaure mara lafiya ko ya hana shi abinci ba. A 2012 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake ɗaure masu taɓin hankali a sansanonin addu'a na Ghana, a wannan shekarar ce kuma ƙasar ta kafa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Amma manyan asibitocin wannan ciwon guda uku, na Akra da Pantang da Ankaful, duk a kudu suke. Nisa da talauci su ke tura iyaye irin wannan gwauruwa wurin masu sarƙa, don haka kada ku zage su, ku nuna musu hanya. A Asibitin Koyarwa na Tamale akwai sashen masu wannan lalura, akwai ma'aikatan jinya da aka horar domin ta a asibitocin gundumomi, ƙungiyar BasicNeeds kuma ta daɗe tana aiki a nan Tamale da irin waɗannan iyalai. Ku sabunta katin inshorar lafiyarku tun kuna da lafiya. Ku sha magani ku yi addu'a a kansa kamar yadda kuke yi a kan abinci.

Akwai wata magana mai nauyi da ba zan tsallake ba. In har tunanin kashe kanka ya fara zuwa maka, ɗana, ko ke 'yata, kada ku kwana da shi ku kaɗai. A daren nan ku gaya wa wani babba da kuka amince da shi, fasto ne ko fada, malamar makarantar Lahadi ce, ko ma'aikacin jinya, ko maƙwabci mai hankali ko da ba addininku ɗaya ba. Wannan tunanin bai mayar da kai kafiri ba, Iliya ma ya kai wurin. A da dokar ƙasar nan tana hukunta wanda ya yi yunƙuri ya tsira, abin da ya sa mutane da yawa suka yi gum. A watan Maris na 2023 majalisar dokoki ta soke wannan hukunci. Ba mai kai ka kotu don ka nemi taimako. Kai kuma da aboki ya buɗe maka cikinsa, kada ka yi saurin jefa masa aya ka tashi. Ka zauna, ka ji shi har ya gama, ka raka shi inda za a duba shi, kada ka yi alkawarin rufa wannan asiri.

Zancen ƙwaya da caca ba sai na tsawaita ba. Kuna ganin yaran da ke buga ƙwallo a filin Kaladan, inda Real Tamale United ta yi zamaninta, ƙungiyar da Abedi Pele ya taso a cikinta. Da yawa daga yayyensu sun bar filin sun koma kan waya suna zuba kuɗin abinci a wasannin Turai. Mai shan ƙwaya da mai caca duk abu ɗaya suke nema, sa'a guda da ba za su ji zafin rayuwa ba. Na fahimci wannan, ban kuma raina shi ba. Sai dai zafin yana nan yana jira, ya kuma haifi bashi.

Wani ciwon kuwa mutum ne ya yi maka shi, a nan ne zancen gafara ke shigowa, kuma a nan ake yawan yi muku gaggawa. Garin nan ya san daɗewar irin wannan rauni. Iyayenku sun ga 1994, lokacin da rikicin da ake kira yaƙin zabuwa ya tashi daga wata kasuwa kusa da Bimbilla, ya cinye ɗaruruwan ƙauyuka, aka rasa rayuka fiye da dubu. Sun ga watan Maris na 2002, da aka kashe sarki, Ya-Na Yakubu Andani na biyu, a Yendi, aka sa wa Tamale dokar hana fita. Sai a Janairun 2019 aka naɗa Ya-Na Abukari na biyu, bayan zaman sulhu na shekara da shekaru ƙarƙashin manyan sarakuna uku, Asantehene da Nayiri da Yagbonwura. Kusan shekara goma sha bakwai. In masarauta mai dattawa da masu hikima ta ɗauki wannan tsawon lokaci, kada ki zargi kanki don zuciyarki ba ta huce cikin mako guda ba. Gafara umarni ce daga Ubangiji, ba na rage mata komai. Tana farawa ranar da ka ajiye niyyar ramuwa ka miƙa shari'ar ga Allah, ko da zuciya na tafasa, sau da yawa kuma sai ka sāke miƙawa gobe. Amma yafewa ba ta nufin ki koma ƙarƙashin hannun mai dukanki ko mai lalata da ke, ko da shugaba ne a ikilisiya. Ki faɗa. 'Yan sanda suna da sashe na musamman domin cin zarafi a cikin gida, kai ƙara wurinsu bai saɓa wa bangaskiya ba.

Yanzu bari in kawo muku mutumin da nake so ku riƙa tunawa in an ce bege, domin ɗan garin nan ne, iyayenku sun gan shi da idonsu. Dakta David Abdulai, wanda mutane ke kira Dakta Choggu, an haife shi a 1951 cikin talaucin da ya wuce misali. Mahaifinsa kuturu ne, mahaifiyarsa da bara take ciyar da gida. Su goma sha ɗaya aka haifa, shi kaɗai ya rayu. Ku tsaya ku auna wannan: uwa ta binne 'ya'ya goma. Yaron da ya rage ya san yunwa, ya san yadda ake kallon ɗan kuturu. Da taimakon mutane ya yi karatu har ya zama likita a makarantar likitanci ta Jami'ar Ghana, ya ƙaro ilimi a Turai. A gidan Musulmi ya tashi, daga baya ya zama Kirista ɗan Katolika, bai kuwa yanke zumunci da mutanensa ba.

Mai irin wannan tarihi, in ya sami fita, yawanci ba ya waiwaye, kuma ba mai ganin laifinsa. Shi sai ya ajiye aikin gwamnati ya dawo wurin waɗanda suka yi kama da iyayensa. A 1991 ya buɗe asibitin Shekhinah a Gurugu, tiyatarsa ta farko a gindin mangwaro ya yi ta. Ku tuna zamanin: lokacin sai ka biya kafin a ba ka magani a asibiti, dokar inshorar lafiya ba ta zo ba sai 2003. Shi kuwa ya ce ba za a karɓi ko sisi ba. Masu gwaiwa da suka shekara suna fama suka yi ta zuwa daga ƙauyuka ana yi musu aiki kyauta. Kutare, da masu cutar ƙanjamau da danginsu suka guje su, da tsofaffin da ba su da kowa, suka sami wurin kwana. A 1992 ya fara abin da ya sa aka laƙaba masa likitan mahaukata: kullum a dafa abinci, a zuba a mota, a bi titunan Tamale ana neman masu taɓin hankali inda suke kwana, bakin kasuwa, gindin itace, kangon gini, a miƙa wa kowa rabonsa. Mutum fiye da ɗari kowace rana. A 1999 ya buɗe asibiti na biyu a Wamale. Kowace Kirsimeti yakan tara makafi da guragu da mabarata ya yi musu biki. Masu aikin sa-kai a wurinsa Musulmi ne da Kirista, ba a tambayar mara lafiya addininsa kafin a duba shi. Da aka tambaye shi inda kuɗin ke fitowa, amsarsa kullum tanadin Allah ne. A 2012 ofishin jakadancin Amurka ya ba shi lambar yabo ta Martin Luther King.

Abin da nake so ku gani a rayuwarsa shi ne inda ya kai ciwonsa. Bai ɓoye asalinsa ba, da bakinsa yake ba da labarin mahaifinsa da mahaifiyarsa. Bangaskiya ba ta dawo masa da 'yan'uwansa goma ba, ba ta goge yunwar ƙuruciyarsa daga tunaninsa ba. Ta ba shi idon da zai ga Almasihu a jikin mutumin da ke tsince-tsince a juji, ta kuma ba shi ƙarfin yin abu ɗaya kowace rana har shekara ashirin da wani abu. Wanda ya san yunwa ya san yadda ake miƙa wa mayunwaci kwano ba tare da an ci mutuncinsa ba. Kai da ka yi fama da ƙwaya ka fita, akwai yaron da ba zai saurari fasto ba amma zai saurare ka. Ke da kika rasa uwa tun kina ƙarama, kin san abin da ba a faɗa wa marainiya ranar zaman makoki. Ba na cewa Allah ya aiko muku da wahala domin wannan. Ban yarda da masu saurin bayyana dalilin kowace masifa ba, abokan Ayuba sun ishe mu darasi. Abin da na gani da idona shi ne, ciwon da aka kawo gaban Allah da gaban 'yan'uwa yakan zama abin taimakon wani, wanda aka rufe kuwa yakan ci mai shi.

Dakta Abdulai bai tsira daga ciwo ba. Ciwon daji ya kama shi a maƙogwaro, aka yi addu'a a majami'u da masallatai, ya rasu ranar 2 ga Oktoba, 2016. Mai neman hujjar cewa addu'a ba ta aiki zai iya kafa ta a nan. Ni a nan ne nake ganin bambancin begen Kirista da fatan alheri na yau da kullum. Ba a yi mana alkawarin cewa mai bin Yesu ba zai yi jinya ba, ko ba zai rasa aiki ba, ko ba za a binne shi ba. Ubangijin da muke bi an gicciye shi ranar Juma'a, almajiransa suka wuni Asabar a ɓoye cikin tsoro, ba su san Lahadi na zuwa ba. Da yawanku a cikin Asabar ɗin nan kuke, kuma tana iya yin tsawo. Da ya tashi daga matattu, da tabon ƙusoshi ya tashi. Toma ya ce shi sai ya gani ya taɓa, ba a kore shi daga cikin almajirai ba, aka bar shi mako guda da shakkarsa a tsakiyar 'yan'uwa, sannan Yesu ya zo ya nuna masa hannuwansa da kuiɓinsa. Saboda haka mai shakka a cikinku ya zo da shakkarsa, yana da wurin zama. Mun dogara ga cewa mutuwa ba ita ce ke da magana ta ƙarshe a kan Dakta Abdulai ba, ko a kan 'yan'uwansa goma da ba su girma ba, ko a kan wanda kuka binne bara. Wannan ne ke sa mutum ya tashi da safe ya ɗora tukunya domin waɗanda ba za su taɓa iya biyansa ba.

Bayan rasuwarsa iyalinsa da masu aikin sa-kai sun ci gaba da aikin. Daga Kaladan zuwa Gurugu ba wata tafiya ba ce, yalo-yalo zai kai ku. Ina roƙon shugabannin zumuntar matasa su nemi izini wurin masu kula da asibitin, su sa rana, ku je ku wuni. Ku tafi da abin da hannunku ya iya, mudun masara ko shinkafa, sabulu, itacen girki. Ku bar ɗaukar hoto, mutanen da ke wurin ba abin kallo ba ne. Ku tambayi masu aikin inda ake bukatar hannu, wanki ne ko shara ko ɗebo ruwa, ku yi abin da aka sa ku. Ku gayyaci abokanku Musulmi na unguwa, da yawansu za su so zuwa, wasunsu ma danginsu sun taɓa kwanciya a can.